FASO DA KAUSHI: Ƙaramin Ciwon Da Ke Zaunar Da Mai Nema

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

Duk wanda ya yi sammako ya je kasuwar Mile 12 a Ikko cikin watan Disamba ko Janairu, sa'ad da manyan motoci ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa, in ya bar kallon kayan da ke bisa kawunan 'yan dako ya dubi ƙafafunsu, zai ga abin mamaki. Zai ga ƙato da kwandon tumatir a ka yana tafiya bisa yatsu kamar mai sanɗa, domin dunduniyarsa ba ta iya taɓa ƙasa. Wani ya naɗe tasa da tsumma, wani da ledar burodi, wani kuwa ya bar ta haka nan, ƙura da jini sun haɗu sun bushe a bakin tsagar. Haka abin yake a Bodija ta Badun, da Sabo ta Shagamu, da bakin gada a Anacha, da duk inda 'yan Arewa ke cin abinci da ƙafafunsu.

Wannan shi ne faso, ɗan autan kaushi. Galibin mutane ba su ɗauke shi ciwo ba, har ma akan yi wa mai shi ba'a, a ce dunduniyarsa ta yage tabarma ko ta ci zanen gado. Amma ga mutumin da ya baro Katsina ko Haɗeja ko Maraɗi bayan an gama girbi, ya zo cin rani da niyyar ya tara abin da zai kai gida kafin ruwa ya sauka, kwana goma a zaune ba abin dariya ba ne. Ba ya da albashi, ba ya da hutun rashin lafiya. Ran da bai fita ba, ran nan babu, kuma iyali a gida suna zuba ido.

DAGA INA HUNTURU KE FITOWA?

Iskar hunturu tana tasowa ne daga arewa maso gabas, watau daga hamadar Sahara, tun daga wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa tsakiyar Maris. Mafi yawan ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele ne a arewacin ƙasar Chadi, wurin da a zamanin dā ƙasan wani babban tafki ne, ya ƙafe ya bar gari mai laushi kamar toka. Iskar ba ta da laima ko kaɗan. A Kano da Sakkwato da Maiduguri, laimar iska da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali a Ikko da Fatakwal a sauran watannin shekara takan kai wajen kashi 80.

Irin wannan iska duk abin da ta taɓa sai ta zuƙe masa ruwa. Ita ke tsaga leɓe, ta sa hanci haɓo, ta tanƙwara ƙyauren katako, ta busar da wanki kafin a juya. Fatar mutum ma haka take yi mata. A Kudu hunturu ba ya daɗewa kamar na Arewa, yakan leƙo ne na 'yan makonni, galibi tsakanin Disamba da Janairu, ya ja da baya, ya sake dawowa. To, amma 'yan makonnin nan sun isa su buɗe dunduniyar da ta riga ta tara kaushi.

ME YA SA DUNDUNIYA TA FI SHAN WUYA?

Dalili yana cikin yadda Allah ya halicci tafin ƙafa. A kusan ko'ina a jikin mutum akwai waɗansu ƙananan mafitan maiƙo da ke shafe fata su riƙe mata ruwa, shi ya sa goshi da hanci ke ƙyalli da rana. Tafin ƙafa da tafin hannu ba su da su sam, sai dai mafitan gumi. Saboda haka dunduniya ba ta da man kanta, in ba a ba ta daga waje ba, ba ta samu.

Na biyu, fatar wurin ita ce mafi kauri a jiki, kuma duk sa'ad da ta sha guga da nauyi sai ta ƙara kauri don ta kare kanta. Wannan kaurin shi ne kaushi. Matacciyar fata ce, ba ta miƙewa.

Na uku, a ƙarƙashin ƙashin dunduniya akwai wani kitse mai kama da matashi. Duk takun da mutum ya yi, kitsen nan yakan baje zuwa gefe, ya tura fata waje. In fatar tana da laushi sai ta miƙe ta koma. In kuwa ta bushe ta yi tauri, sai ta tsage a gefen dunduniya, daidai yadda laka ke tsagewa a fadama in ruwa ya janye. Da farko tsagar a sama take, ba zafi. In aka ci gaba da taka ta, sai ta nutsa har ta kai ga nama mai rai, a nan ne jini da raɗaɗi ke farawa. Mutumin da ke ɗaukar buhu a ka, ko mai ƙiba, ko mai tsayuwa wuni guda bisa siminti, nasa ya fi saurin tsagewa domin matsin ya fi yawa. Tsufa ma yana rage laushin fata.

AREWA TA TSAGA, KUDU TA ZUBA DATTI

Abin da ya sa wannan magana ta fi shafar mazauna Kudu shi ne, ƙafarsu tana cin duka biyu. Wanda ya shekara a Ikko, ya je ganin gida cikin sanyi, kafin ya yi mako biyu dunduniyarsa ta buɗe. Wanda kuma ya taho cin rani, da fasonsa yake shigowa mota. Su duka biyu in sun sauka, ƙasar da za su taka ba busasshiya ba ce irin ta gida. Ruwan kwata ne, da caɓin kasuwa, da ruɓaɓɓen tumatir, da jini da kashin shanu a mayankar Oko-Oba ta Agege, ko Kara, ko Akinyele. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar dunduniya ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Mafi haɗari a cikinsu shi ne ciwon sarƙe-haƙora, wanda likitoci ke kira tetanas. Ƙwayarsa tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta rauni take shiga jiki, ko da ƙarami ne. In ta kama mutum sai muƙamuƙi ya ƙage, wuya da baya su sandare, kuma tana kisa. Akwai allurar rigakafinta a asibitoci da ɗakunan shan magani, ya kamata mahauta da 'yan kara da masu kwasar shara su nemi a yi musu.

Kowace sana'a da irin tata ɓarnar. 'Yan ga-ruwa ƙafarsu takan jiƙe ta bushe sau da yawa a wuni, wannan kuwa ya fi bushewa zalla lalata fata. Masu wanki da masu wankin mota suna tsaye cikin ruwan omo da sabulun soda, waɗanda ke wanke ɗan maiƙon da ya saura. Leburorin gini suna taka kwaɓaɓɓen siminti, shi kuwa siminti cin fata yake yi, har ƙuna yakan yi in ya daɗe a jiki. Masu gadi suna kwana a waje cikin raɓa da iska, da silifa kawai a ƙafa.

Akwai kuma cin-ruwa, wanda ke fara sa tsakanin yatsu ya yi fari ya riƙa ƙaiƙayi. Wani lokaci yakan bazu ya rufe tafin ƙafa duka da ɓawo mai kama da gari, mutum ya ɗauka kaushi ne, ya yi ta shafa mai a banza. Wannan yana da nasa magani dabam a kemis, kuma sai an yi makonni ana shafawa kafin ya mutu.

MAGUNGUNAN DA KE ƘARA ƁARNA

Saboda azabar faso, ba abin da mutane ba su gwadawa. Waɗansu sukan ɗiga narkakken kyandir a cikin tsagar. Waɗansu sukan shafa baƙin mai na mota ko man birki. Waɗansu sukan cusa baƙin garin cikin batir. Akwai ma masu ƙarfin hali da ke ɗinke tsagar da allura da zare kamar ana ɗinkin ƙwarya. Kyandir mai zafi ƙuna yake ƙarawa bisa rauni. Baƙin mai kuwa dattin inji ne da guba, ba a yi shi don jikin ɗan Adam ba. Ɗinki da liƙewa da gam na gyaran takalmi suna kulle datti a ciki, wurin ya kumbura ya tara mugunya.

Sai kuma reza. Yanke kaushi da reza ko aska shi ne kuskuren da ya fi yawa. Hannu yakan zarce ya kai ga nama, kuma fatar da aka yanke da ƙarfi takan dawo da kauri fiye da na dā. Bugu da ƙari, masu yankan farce da ke zagaya kasuwanni, waɗanda da yawansu 'yan'uwa ne daga Arewa, in suka yi wa mutum goma aiki da almakashi ɗaya da wuƙa ɗaya ba tare da an dafa su ba, za su iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga jinin wani su kai wa wani. Wanda zai miƙa ƙafarsa, ya tafi da nasa kayan ko ya sayi sabuwar reza a buɗe a gabansa. Masu sana'ar su ma kariya ce gare su, domin yatsunsu na kusa da kaifin.

YADDA AKE KULA DA ƘAFA

Maganin gaskiya ba ya da tsada, sai dai yana son naci. Lokacinsa kuwa da dare ne, bayan an tashi daga aiki an yi sallar lisha.

A sami ruwa mai ɗumi, wanda bai yi zafin da zai ƙona ba, a zuba a roba, a tsoma ƙafa minti 10 zuwa 15 har kaushin ya yi laushi. Kada a wuce haka, domin daɗewa cikin ruwa shi ma busar da fata yake yi daga baya. Sa'an nan a ɗauki dutsen goge kaushi a goga a hankali, a cire wanda ya saki kawai. Ba a gama kaushin shekara a dare ɗaya, sau biyu ko uku a mako ya isa. In wurin yana jini ko yana zafi, kada dutse ya taɓa shi. Kowa kuma ya riƙe nasa dutsen, ya wanke shi ya shanya.

Daga nan a tsane ƙafa da tsumma mai tsabta, musamman tsakanin yatsu, a shafa mai nan take tun fatar tana da sanyin ruwa. Hikimar a nan take: aikin mai shi ne ya rufe ruwan da fata ta sha, ya hana iska kwashe shi. Wanda ya shafa mai bisa busasshiyar ƙafa mai ƙura, rabin aiki ya yi. A shafa da kauri a dunduniya da gefenta, amma a bar tsakanin yatsu a bushe don gudun cin-ruwa. Sai a sa safa ta auduga a kwana da ita. Galibi cikin mako ɗaya ko biyu za a ga bambanci.

Wane mai? Man kaɗanya yana kan gaba, kuma ba baƙo ba ne a Kudu, Yarabawa suna kiransa ori, ana samunsa a kowace kasuwa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan ƙwarar kaɗanya, daga jihohin Neja da Kwara da Kebbi har arewacin Oyo. Sai basilin, wanda wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ya tace daga maiƙon rijiyoyin man fetur, ya yi masa rajista a 1872. Shi basilin tataccen abu ne, kada a haɗa shi da baƙin mai don an ji asalinsu ɗaya. Man alayyadi da man gyaɗa ma sun fi babu. In kaushin ya yi kauri ƙwarai, akwai man shafawa a kemis mai ɗauke da sinadarin yuriya, kashi 10 zuwa 25 cikin 100, wanda ke narkar da matacciyar fata. Manoma sun san wannan suna a buhun takin zamani, to, kada wani ya yi karambanin jiƙa taki ya shafa, na kemis an tace shi ne an auna don fata.

Tsagar da ta nutsa har tana jini, a ɗauke ta rauni kamar kowane rauni. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a tsane, a shafa ɗan basilin, a rufe da filasta ko bandeji, a canja kullum.

TAKALMI DA ALWALA

Silifar roba ita ce takalmin talaka, amma ba ta riƙe dunduniya. Tana barin kitsen nan ya baje yadda ya ga dama, tana barin iska da ƙura su yi ta dukan fata, ga kuma marin da take yi wa dunduniya a kowane taku. Takalmi mai rufaffen baya tare da safa ya fi, ko da kambas ne na gwanjo. Masu aiki cikin ruwa ko jini ko siminti su nemi dogon takalmin roba, su sa safa a ciki, su cire shi da zarar an tashi, su kife shi ya bushe.

Musulmi yana wanke ƙafa sau da yawa a wuni, wannan kuwa tsabta ce babba. Sai dai cikin hunturu in aka bar ruwan alwala ya bushe da kansa a iska, yakan tafi da laimar fata. Yana da kyau mutum ya tsane ƙafa bayan alwala, ya ɗan murza mai kaɗan, ya bar shafa mai kauri sai dare. Wanda rauninsa ya kai ga ɗauri, littattafan fiƙihu na Malikiyya sun yi bayanin shafa a kan ɗauri da kuma shafa a kan huffi, sai ya tambayi limamin unguwarsu yadda ake yi, maimakon ya riƙa kwance rauni sau biyar a bakin famfon masallaci.

MASU CIWON SUKARI SU YI HATTARA

Akwai mutanen da faso a gare su zai iya zama sanadin rasa ƙafa, su ne masu ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 830 ne ke da wannan ciwo, kuma fiye da rabinsu ba su shan magani. Da yawa ma ba su san suna da shi ba. In ciwon ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya rage gumi, fata ta bushe ta tsage, ya kuma rage gudun jini, rauni ya ƙi warkewa. Sai mutum ya taka ƙusa ko ya yi faso mai zurfi bai ji komai ba, sai wari ko kumburi ya sanar da shi. Daga nan gyambo, daga gyambo sai likita ya ce ba makawa a yanke.

Saboda haka mai ciwon sukari ya duba ƙafarsa kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, da madubi ko ya sa wani ya duba masa. Kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Kada ya gwada zafin ruwa da ƙafa, ya gwada da gwiwar hannu. Kada ya daɗe da jiƙa ƙafa, kada reza ko maganin cin kaushi su taɓa shi sai da izinin likita. Masu gadi da ke hura wuta da dare don jin ɗumi su lura ƙwarai, domin ƙafar da ba ta ji za ta iya gasuwa a bakin garwashi mai ita yana ta hira. Duk wanda ya ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama ba dalili, ya je a gwada jininsa, ɗigo ɗaya ne daga yatsa.

Kuturta ita ma tana kashe ji a ƙafa ta busar da ita. Har yanzu ana samun sababbin masu ita a Nijeriya kowace shekara, amma tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, wanda tun 1995 ake bayar da shi kyauta a duniya. Wanda ya ga tabo mai haske a jikinsa wanda ba ya jin taɓi, kada kunya ta hana shi zuwa asibiti.

Ga kowa da kowa kuma, alamun da ke cewa a bar maganin gida a nufi asibiti su ne: kumburi, da zafi a wurin in an taɓa, da mugunya ko wari, da kaluluwa a matsematsi, da zazzaɓi, ko tsagar da ta yi mako biyu ana kula da ita ba ta rufe ba.

MATA DA YARA

Matan aure a Sabo da Idi-Araba da Agege su ma ba su tsira ba, saboda wanki da wanke-wanke da tsayuwa bisa siminti ba takalmi. Lallen gargajiya ado ne da aka gada, amma baƙin lalle na kanti da ake haɗawa da sinadarin rina gashi yana sa waɗansu ƙuraje da kumburi, kada a ɗora shi bisa fatar da ta tsage. Yara kuwa, musamman almajirai da ke yawo ba takalmi, su suka fi kowa shan azabar faso, kuma ba su da bakin faɗa. Malamin da ya tanadi kwalbar man kaɗanya guda, ya sa manyan ɗalibai su riƙa duba ƙafafun ƙanana kowane dare, ya yi aikin lada.

Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin 'yan dako da na mahauta da na 'yan ga-ruwa, suna da rawar da za su taka. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin kai gawa gida, ba za ta kasa sayen dogon takalmi ga 'ya'yanta ko gayyato ma'aikacin lafiya ya yi gwajin sukari da allurar rigakafi a bakin kasuwa ba. Rigakafi ya fi magani. Mai nema da ƙafa ya zo, da ita kuma zai koma gida in damina ta faɗi, ya shiga gona. Allah ya ba da lafiya, ya sa a gama cin rani a koma a tarar da iyali lafiya, amin.